Mazaunin Suruki a Jirgin Orazali

Orazali bai taɓa yin wata sana'a ba sai ta ɗauke ruwa daga inda Allah ya ajiye shi ya kai shi inda mutane suke so. Tun muna ƙauyen Shengeldi na san shi, ina duƙe a gonar albasa, shi kuma yana ɗakin famfo a bakin tafkin Kapshagai yana turo mana ruwa ta manyan bututu. Siriri ne kamar tsinken tsire, maganarsa ta yini guda ba ta cika cokalin shayi. Idan ka gaishe shi ya ɗaga maka gira, ka taki sa'a, ranar yana cikin raha. Matarsa Bibigul, Allah ya jiƙanta, takan ce da famfon ta aura da ya fi mata, don shi ko ba komai yana ƙara.

Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin nan. Da aka raba gonar, kowa ya sayi ɗan injinsa, sai ya gangaro inda mutanen birnin Almati ke zuwa ƙarshen mako su gasa tumbinsu a rana. Ni ma na biyo sahu. Na kafa zagayayyen tantin gashi irin na kakanninmu kusa da gadar katakon da jirage ke tsayawa, ina sayar da shayi da baursak, wato fankenmu, mai zafi daga kasko da bandar kifi. Shi kuma ya samu wani tsohon farin jirgi mai inji a ciki da farfela a ƙarƙashi, daga hannun wani likitan haƙori da zai bar ƙasar. Da shi yake jan 'yan hutu a kan balan-balan, suna ihu, shi ko waiwaye ba ya yi.

Sai aka zo da sabon wasa. Jirgi zai tafi a hankali, kamar doki mai sassarfa, gindinsa a nutse, ya tayar da raƙumin ruwa a bayansa. Mutum ya hau ɗan allo, ya riƙe igiya har ya miƙe tsaye, sannan ya jefar da igiyar. Daga nan tozon raƙumin ne ke tura shi, yana biye da jirgi babu abin da ya haɗa su. Jiragen masu hannu da shuni don haka aka ƙera su: a danna maɓalli su sha ruwa su ƙoshi, su karkata da kansu duk gefen da ake so. Na Orazali kuwa, abin da yake tayarwa a bayansa bai fi tudun dankali ba.

'Yarsa tilo, Togjan, a waɗancan jiragen ta koya, har ta zama ita ke koya wa matan Almati. Ƙafar dama take sawa a gaba, don haka tozon gefen dama take hawa. Ta auri Nurbol, bawan Allah mai hankali wanda ba shi da laifi sai na rashin baki a gaban ubansa. Uban kuwa, Sagindik, dillalin dawakai ne daga garin Sariozek. Idan ya tsaya a ƙofar tantina sai in ɗauka hadari ne ya taso. Kilo ɗari da arba'in, ban da hula.

A tantin nawa aka yi maganar, a watan Yuni. Sagindik yana zaune a tor, wato mazaunin girma da ke can ƙurya, mafi nisa da ƙofa, inda muke ajiye babban baƙo. Orazali yana gefensa, Togjan tana bakin ƙofa tana zuba musu shayi.

"Oreke," in ji Sagindik, yana kiran Orazali da sunan girmamawa, "ka san ni ba mai yawan magana ba ne."

Na kira shi da nasa sunan girmamawar, na ce, "Sake, bari in zauna tukuna, tunda da ƙarya ka buɗe taro."

Bai kula ni ba. "A kasuwar dabbobi ana nuna mini hoton matar ɗana a waya, ana janta da igiya a bayan jirgi. Wani marar mutunci har ya tambaye ni nawa zan sayar da maraƙin. Ita ta ce mini sana'a ce, ta ce tana sakin igiyar ta tsaya da ƙafarta a kan ruwa. A waya kuwa har doki mai fiffike na gani. Ni abin da idona bai gani ba ba na cinikinsa. A nuna mini. Idan ta saki igiya ta tsaya har na shanye ƙoƙon shayi ɗaya, zan rufe bakina, in rufe na 'yan kasuwa. Idan ba haka ba, da an fitar da jirage daga ruwa ta dawo Sariozek ta zauna a shagon nama, a bar wasan yara."

Togjan ta ce wa surukin nata, idonta a ƙasa, "Ata, ai ko gobe sai mu shiga jirgin wurin aikina."

Orazali ya ajiye ƙoƙonsa. "Surukina ba zai zauna a jirgin wani ba. Baƙo a gidanka kake karɓarsa. A ba ni zuwa Agusta."

Tun rasuwar Bibigul ban ji ya jera kalmomi masu yawan haka ba.

Washegari ya fito da jirgin kan tudu ya huda cikinsa. Da hannunsa ya huda, ina kallo. Na ce masa mutane suna toshe rami a jirgi, shi yana haƙa wa kansa. Ya ɗaga gira ya ci gaba. A ramin ya ɗaura bakin bututu mai makulli, ya ja mesa ta ƙarƙashin daɓe, ya haɗa da ƙananan famfuna uku masu aiki da batir. Ya sayo manyan salkunan roba, kowace in ta cika sai ƙarti huɗu su ɗaga ta, ya cusa biyu a akwatunan da ke gefen inji, ɗaya a tsakiyar jirgi. Da ya ga bai isa ba, ya bi masunta gida gida yana karɓar tsofaffin dalmar taru. A tukunyar ƙarfen Bibigul ya narke ta, ya zuba a gwangwanayen burodi, ya ɗinke kowane curi a cikin jakar tamfal.

Ma'auninsa kuwa ƙoƙon shayi ne. Ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa, mai shuɗin zane a baki, bai tambaye ni ba, ya manne shi da danƙo kusa da sitiyari ya zuba ruwa rabi. In ruwan ya karkata ya taɓa shuɗin zanen ta dama, ɗan baya kaɗan, to jirgi ya kwanta yadda ake so.

Wata guda suka yi shi da Togjan suna gwaji kullum da sassafe kafin 'yan hutu su tashi. Abin ba tara nauyi kawai ba ne, da haka ne da sun gama a kwana biyu. In ya jibge komai a baya, tozo ya tashi sama amma gajere, ya naɗe kamar tabarma, babu wurin tsayawa. In ya turo wasu jakunkuna gaba, tozo ya yi tsawo amma ya rasa ƙarfin tura mutum. Ga farfelar tsohon jirgin da juyawarta ta fi son hagu, gefen dama sai kumfa, kamar an yi wanki. Kowace jaka sai da ya matsar da ita taki ɗaya ɗaya, yana zana wurinta da alli a daɓe. Togjan ta sha ruwan tafkin nan har na fara tsoron masu albasa za su kawo ƙara.

Daga baya suka ɗauke ni aiki. Jakar dalma ba ta jin magana, ni kuwa ina ji, in na ga dama.

Orazali ya kira sunana. "Kulyash-apa, matsa dama. Tafin hannu ɗaya. Ya yi yawa, dawo."

"Oreke, shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa jin namiji ya damu da inda zan ajiye ƙuguna haka ba."

"Tsaya nan."

A ƙarshen Yuli, wata safiya da ruwa yake kwance kamar faranti, tozon dama ya tashi sumul, kore, ba kumfa ko kaɗan. Togjan ta naɗe igiya ta jefo cikin jirgi, ta bi mu har wani tsinin duwatsu da ke gabas, hannayenta a sake. Orazali ya dube ta a madubi, ya dubi ƙoƙonsa, ya ce, "To." A bakinsa wannan waƙa ce da kiɗa.

Aka aika wa Sagindik, ya zo Lahadi ta biyu a Agusta, da hula sabuwa. Ni aka ɗora wa zuba shayi, tunda gidan babu uwargida.

A nan ne muka yi kuskuren da babu wanda zai yi shi sai mu. Jiragen nan da baya suke tsayawa a jikin gada, ta baya ake shiga. Ashe ƙofa ke nan. Mazaunin da ya fi nisa da ƙofa kuwa shi ne na goshin jirgi, mai katifu masu laushi. Orazali da kansa, mutumin da ya yi wata guda yana auna taki da alli, shi ya shimfiɗa dardumar gashi a goshi ya jera matasan kai, bai yi tunanin komai ba. Ni ma ban yi ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba tun kafin a haifi kai.

"Bismillah, Sake, haye tor."

Sagindik ya ratsa jirgin ya zauna a goshi, ya jingina da hagu, ya miƙe ƙafafu. Na ji gindin jirgin ya taso a ƙarƙashina. Ruwan ƙoƙo ya gudu gaba, ya koma hagu. Na ga ƙeyar Orazali ta yi ja.

Muka tashi. Abin da ya biyo mu a baya ba raƙumi ba ne, ko ɗan akuya bai kai ba. Togjan ta miƙe, ta nemi tozo ta rasa, ta saki igiyar duk da haka. Kafin Sagindik ya kai ƙoƙo bakinsa ta nutse har wuya. Sau uku ana yi. A na ukun ya hura shayinsa ya ce, "Wataƙila iska ce yau. Zan dawo."

Ko ganye ba ya motsi ranar.

Da motarsa ta tashi na tare Orazali a kan gada. "Ka ce masa ya koma baya, shi ke nan."

"In tashi suruki daga tor?"

"To ni in faɗa masa. Bakina ya riga ya lalace, kowa ya sani."

"A jirgina? In ce masa ya yi wa gidana nauyi? Jikokinsa za su riƙa yi wa jikokina gori."

"Jikokin naku ai guda ne, wawan Allah."

Ya dubi jirgin. "In gaba ta yi nauyi, sai a ƙara wa baya."

Haka ya sa kansa. Ya ƙaro salka biyu, ya sake bin masunta, ya narke dalma har unguwa ta yi wari. Don gwaji ya samo buhun albasa huɗu daga Shengeldi ya jera a goshi a madadin suruki. Ni na ɗora musu hula, kullum in gaishe su, in tambaye su farashin dawakai. Sun fi mai wurin daɗin hira. Jirgin ya daidaita, gaskiya, ruwan ƙoƙo ya dawo kusa da zane. Amma ya yi ƙasa ƙwarai, har ina iya taɓa tafki da gwiwar hannu ina zaune, inji kuma yana nishi kamar tsohuwar da aka sa hawan bene. Na faɗa masa. Togjan ta faɗa masa. Ya ce ranar ba za a yi iska ba.

Sagindik ya dawo a farkon Satumba, kuma an yi iska. Ya haye tor ɗinsa. Jirgi ya daɗe yana gurnani kafin ya kama tafiya. Tozo ya taso, ba laifi, amma siriri, yana rawa. Togjan ta saki igiya, ta yi numfashi biyar ko shida a tsaye, Sagindik ya yi kurɓa biyu, sai tozon ya karye a ƙarƙashinta. Orazali ya rage wuta don ya juya ya ɗauko ta. Goshin jirgi ya dulmiya, ruwan da muka tayar da kanmu ya zagayo ya haɗu da na iska, ya haye ta gaba ya zauna a cinyar baƙo. Na biyu ya biyo shi. Kafin in ce wani abu ruwa ya kai mini idon sawu, baursak ɗina suna iyo kamar 'yan agwagi.

Ban yi dariya ba a lokacin. Na ga fuskar Orazali. Ya juya famfunan duka suna amayar da ruwa, ya riƙe goshin jirgi yana fuskantar iska, bai ko ƙifta ido ba har salkuna suka saki, jirgi ya taso. Sannan muka ɗauko Togjan, leɓunanta sun yi shuɗi.

A kan gada Sagindik ya matse ƙafar wandonsa, ya dubi sama. "Yaushe ake fitar da jirage?"

"Bayan Lahadi biyu," in ji Orazali.

"To, ta ƙarshen zan zo."

Da ya tafi, Togjan ta zauna kusa da ubanta, tana naɗe cikin bargo. "Baba, a bar shi haka. Sayar da nama ma sana'a ce. Ba zan so ka nutsar da mutane saboda ni ba."

"Kina son shagon?"

Ta kawar da kai, ta dubi tafki.

"Nauyin bai yi kaɗan ba," in ji shi. "Wurinsa ne ba daidai ba."

"To ka gaya masa."

Shi ma ya kawar da kai, ya dubi tafki. Uba da 'ya, kamar an zuba su a gwangwani ɗaya.

Kwana biyu bai taɓa jirgin ba. Yakan zo ya tsaya a kan gada, hannu a baya, ya yi ta kallonsa kamar mai jiran a ba shi haƙuri. A satin ne iskar kaka ta juyo, ta riƙa shigo mini ta ƙofa tana kashe wuta, tana zuba yashi a madara. Na kira masunta suka kwance tantin suka juya ƙofarsa ta kalli tudu, kamar yadda muke yi duk shekara.

Ranar Laraba Orazali ya zo shan shayi, kansa a sunkuye, ya nufi inda ƙofa take a da, ya yi karo da bango. Ya zagayo ya shiga. Ya tsaya yana kallon tsohon masunci Toktar, wanda ya fi kowa shekaru a bakin ruwan nan, yana zaune a kan matashi daidai wurin da a makon jiya ake tuɓe takalma.

"Me ya kawo Toke nan?"

"Ina kake so ya zauna?" na ce. "An juya ƙofa, tor ya tashi, tsofaffi suka bi shi kamar kaji. Ga shi yanzu ya zauna mini a bakin hayaƙin kifi yana tari, kuma ko da sanda ba zai matsa ba."

Na miƙa masa shayi. Ya karɓa, ya dubi ƙofa, ya dubi Toktar, ya ajiye ƙoƙon a cike ya fita. Tun da nake ban taɓa ganin ya bar shayi ba. Na ɗauka cikinsa ne ya juya.

Da azahar na ji ƙarar walda. Ya ƙera ɗan tsani mai hawa uku da mariƙin hannu, ya ɗaure shi a goshin jirgi. Ya cire katifun goshi gaba ɗaya, ya shimfiɗa tabarmar roba irin ta ajiye takalma. Hanyar shiga ta baya ya toshe ta da allon jingina, ya rufe shi da kafet ɗin da ke rataye a bangon ɗakin Bibigul. A kusurwar baya ta dama ya faɗaɗa mazauni da katako mai kauri, ya ɗora dardumar gashi da matasan kai uku.

Sannan ya yi abin da ya fi yi masa ciwo. Ya fara fitar da dalma. Jaka bayan jaka yake ɗaukowa ya jera a kan gada, aikin da ya ƙona masa yatsu wata biyu. Ya kwance sababbin salkuna biyun, ya naɗe su. Ya ɗauko buhunan albasa huɗu, da hularsu, ya zaunar da su a kusurwar dama, ya fita gwaji da Togjan. Ya dawo ya cire wasu jakunkuna, ya mayar da uku can gaba a ƙarƙashin tabarmar roba don tozo ya yi tsawo, ya goge tsohon alli ya zana sabo. Kwana tara yana wannan. A rana ta tara jirgin yana zaune a kan ruwa da sauƙi, inji ya daina nishi.

Lahadin ƙarshe gari ya waye da sanyi, rabin jirage an riga an ja su tudu. Sagindik ya zo da Nurbol a bayansa. Ya tsaya a kan gada, ya tarar da jirgi ya sa goshi a jikin katako, gindinsa yana kallon tafki.

"Oreke, yau jirgin naka gaisuwa ya zo yi?"

"Ƙofa na gyara, Sake. Ta nan ake shiga yanzu." Orazali ya miƙa hannu can baya, inda kafet yake. "Bismillah, haye tor."

Sagindik ya dubi tsanin, ya dubi tabarmar takalma, ya dubi matasan kai a can ƙurya. Ya daɗe yana kallo, har na fara shirya abin da zan ce in ya ƙi. Sai ya kama mariƙin, ya hau, ya ratsa jirgin yana dafa kujeru, ya juya ya zauna a kusurwar dama. Jirgi ya kwanta a hankali kamar saniyar da ta ƙoshi. Na leƙa ƙoƙon da ke kusa da sitiyari. Ruwa yana kan shuɗin zane, bai wuce ba, bai gaza ba.

Nurbol aka bari a kan gada, don ba a auna da shi ba. Ni na zauna a bakin sabuwar ƙofa da fulas, inda mai zuba shayi take zama.

Muka fita. Orazali ya buɗe famfuna, salkuna suka sha, ya tura wuta a hankali. Togjan ta miƙe a kan allonta. A gefen dama, dab da kafaɗar Sagindik, ruwa ya kumbura ya tashi, dogo, sumul, ya kai mata ƙugu. Ta gangara cikinsa, ta hau, igiya ta yi sako-sako a hannunta. Ta naɗe ta sau biyu ta jefo. A cinyar surukinta ta faɗi.

Na rarrafa na miƙa masa shayi, rabin ƙoƙo, yadda ake ba mutumin da ake girmamawa. Ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiyar. Ya hura. Ya kurɓa. Bai yi sauri ba, ni shaida ce, har ma ya tsaya tauna baursak a tsakani. Tana nan a bayansa, kusa har yana iya ganin ɗigon ruwa a girarta, tana hawa tana sauka. Ya shanye, ya dubi gindin ƙoƙon, ya miƙo mini.

"Ƙara, Kulyash. Wannan bai jiƙa maƙogwaro ba."

Ya sha na biyu. Ya sha na uku. Mun wuce tsinin duwatsu, mun wuce inda ake ɗaure taru. A na ukun ne ya ɗaga murya don ta fi ta inji.

"Oreke, in na ƙara jingina waje, tozon zai ƙaru?"

Orazali ya dube shi a madubi. "Tafin hannu ɗaya."

Sagindik ya kwantar da kafaɗarsa a bakin jirgi, hularsa a hannu. Tozo ya ƙara tashi. Togjan ta hau can samansa, ta juya allon sau ɗaya ta dawo daidai, abin da ban taɓa ganin ta yi a bayan jirgin ubanta ba.

Na ce, "Sake, ashe ka san abin."

"Shekara talatin ina loda dawakai a mota, tsohuwa. Na san inda ake tsayar da ƙaton ingarma. Tun ranar farko da na zauna na ji gindin jirgin ya tashi."

"To me ya hana ka matsawa? Ka bar yarinya tana shan ruwa, ka bar mutum yana narka dalma, ka jiƙa mini baursak."

"In tashi daga inda mai gida ya ajiye ni? In nuna masa bai iya karɓar baƙo ba?" Ya girgiza kai. "Da bakin wa? Na yi ta dawowa dai, ko zai gane."

Na dubi ƙeyar Orazali, na dubi wannan tulin mutum da ke rataye a bakin jirgi. Fiye da wata guda, maza biyu masu furfura, kowa yana tsare mutuncin ɗan'uwansa, saura ƙiris su nutsar da mu duka. Na faɗa musu haka, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Sagindik ya kife ƙoƙonsa alamar ya ƙoshi, ya juya ya ɗaga wa Togjan hannu.

"Ya isa, 'yata, fito haka, sanyi zai kama ki. Kina da aiki baɗi."

Sai a lokacin ta bar tozon ya wuce, ta zauna cikin ruwa a hankali.

Shekara uku ke nan. Togjan yanzu a jirgin ubanta take koyarwa, kuma shi kaɗai ne jirgin da ke tsayawa da goshi a duk gadar nan. Baƙi sukan tambayi dalili, Orazali ya ɗaga musu gira. Sagindik yana zuwa duk Lahadi daga Yuni, ya haye kusurwarsa ba sai an ce masa ba, yana gaya wa matan Almati yadda za su lanƙwasa gwiwa, shi da bai taɓa sa ƙafa a ruwa da gangan ba. Bana ya rame da kilo takwas bisa umarnin likita, Orazali ya zo wurina ya karɓi jakar dalma ɗaya daga cikin waɗanda ke danne mini gefen tanti, ya ɓoye ta a ƙarƙashin darduma. Ya ce kada in faɗa masa.

Ƙoƙona mai shuɗin zane kuwa har yau bai dawo ba.